Muryar Da Tabarma Ta Kasa Shanyewa

Jama'a, wallahi da ni aka yi wannan, a Nguru, cikin shekarun tamanin, lokacin ina kafinta.

Kawuna Modu makaho ne, dillalin bandar kifin da ake kawowa daga Gashua, kuma da kunnensa yake ci: jama'a su yi ta tayi a tare, shi kuwa ya ɗaga sanda ya nuna wanda ya fi kowa, ba kuskure. Sai aka maida dillalai wani tsohon siton gyaɗa kusa da tashar jirgin ƙasa, dogon gini mai rufin kwano, ko tari ka yi sai ya dawo maka ta ko'ina. Nan fa Kawu ya fara sallama wa wanda bai taya ba, masu kifi suka soma janye kwalayensu. Wani ya ce ya toshe kunne ɗaya da auduga, Kawu ya ce, "Da kunne ɗayan zan san gabas da yamma?"

Na ce a bar ni da aikin. Na rataye tabarmin kaba da tsofaffin buhuna a bango, na ɗaura zana ƙarƙashin kwanon, amma ban rufe duka ba, don Kawu ya ce in ɗaki ya mutu murus ba ya gane nisan mutum. Amsa-kuwwa ta ɗauke, sanda ta koma aikinta, ni kuma ina ta hura hanci.

Ana cikin ciniki da rana tsaka Kawu ya ce "albarka," sai muka ji "albarka" daga kusurwar yamma.

Na ce, "Kawu, sauran amsa-kuwwar ce, zan ƙara tabarma."

Ya ce, "Amsa-kuwwa ba ta da wurin zama. Wannan a zaune yake."

Ban yarda ba, zargina ya tafi kan 'yan baƙin cikin dillalai. Na yaye tabarmar kusurwar, bango ne, ko ramin ɓera babu. Na zagaya waje, na leƙa rufi, na sa ido a bakin kowa, har mutane suka fara jin haushina. Washegari da muryar ta sake amsawa, sandar Kawu ta nuna tsakiyar siton, inda babu kowa. Bayan nan ta nuna gefen kwalayenmu.

Ranar ƙarshe wani ya yi tayi, Kawu bai ko buɗe baki ba, muka ji "na sallama" da muryarsa sak, dab da kafaɗarsa. Innalillahi! Mai tayin har ya miƙa hannu.

A hankali Kawu ya ce, "Sauke tabarmin nan. Gara kowa ya ɓace mini da in san inda mai muryar nan yake."

Na sauke, hayaniya ta dawo, Kawu ya bar dillanci, kuma har Allah ya karɓi ransa bai sake magana a cikin ɗaki ba sai a fili. Ina tausayinsa har gobe.

In kun shiga tsohon gini mai maimaita magana, ku yi bismilla ku bar shi da surutunsa. Ba kullum bango ne ke amsawa ba.