Nowel ɗin da na yi a bukkar agana

"Saratu, ko bayan gari aka kai ki, ranar Nowel, sallar haihuwar Almasihu, za mu zo mu tsaya daga nesa mu yi miki waƙa."

Maganarka ce, Baba Ishaku, dattijon majami'armu. Shekara guda na yi shiru. Ina so a karanta takardar nan ga masu bi na Dungass da Magaria, kana zaune.

Zan fara da laifina. Bara da kaka masu lambar rigakafin agana suka zo tare da gardin kumandan, wato dogaran gwamnati, suka tsaga mana dantse. Suna juya baya na matse lemun tsami a wurin na goge, yadda matan unguwarmu suka yi, don kada hannu ya kumbura ga gyada tana jiran cira. Ni da nake koya wa mata karatu!

Na cire gyadar. Agana kuma ta kama ni.

Zazzaɓi ya fara, da ciwon baya kamar ana sara. Bayan kwana uku ƙuraje suka fito a baki, a fuska, har tafin hannu. Lokotoro, wato likita, ya dube ni daga bakin ƙofa ya ce, "Wannan ba ta da allura. Ki sha ruwa, kada ki sosa." Aka ƙone tabarmata da zannuwana da littattafaina, aka kai ni bukkar kara a bayan gari.

Na ji tsoro. Daga inda nake kwance ina jin ana haƙa rami.

Mutum ɗaya ke shigowa: Inna Dije, maƙwabciyata musulma, wadda ta yi agana tun tana yarinya. Kullum da ƙwaryar kunu. "Ke Saratu, tashi ki sha. Da bakin nan naki ko lahira koro ki za su yi."

Ranar Nowel na sa ta jingine ni a bakin ƙofa. Iska tana kawo mini waƙarku daga cikin gari. Na zuba ido ga hanya har la'asar. Ko mutum ɗaya.

Dije ta ce, "To wai sallar taku, me ake murna da shi ne?"

Na amsa mata cikin fushi. Na ce Allah ya yi alkawarin Almasihu ta bakin annabawa, kakanni suka mutu suna jira, jikoki suka ci gaba da jira, kuma ya zo. Ina faɗa ina jin abin yana shiga ni. An haife shi inda ake ɗaure dabbobi don gari ba shi da wuri. Ya girma yana taɓa kutare da hannunsa. Irin wannan ba daga nesa yake tsayawa ba.

Na ɗaga murya da kumburarren baki na yi waƙar ni kaɗai. Dije ta ce akuyarta ta fi ni murya. Muka yi dariya har ƙurajen leɓena suka fashe.

Ɓawon ƙurajen ya zube, na tashi. Idon hagu ya tafi, fuskata duk zanzana, amma da ɗayan idon nake rubutun nan. Na gode wa Yesu. Na gode wa Dije.

'Yan'uwa, ku karɓi lamba ku bar ta ta kumbura. Gyada za ta jira.

Yanzu agana ta dawo. Mutum uku suna kwance a bukkokin nan, har da Talatu matar marigayi Yohanna, wadda ba ta da mai kai mata ruwa. Na tambayi lokotoro, ya ce wanda lambarsa ta kama yana iya kai abinci. Taka ta kama, Baba, na ga tabon.

Zuwa Lahadi ka faɗa a gaban jama'a wa zai riƙa kai musu ruwa da tuwo. In ba ka faɗa ba, tukunyar shinkafar Nowel da nake dafa muku duk shekara, a bakin bukkar Talatu zan ɗora ta. Mai jin yunwa ya same mu can.