Baƙon da ya zo neman rijiyar kakarsa

Shekarun baya, da na gama karatun kasuwanci, na samu aiki a wani ƙaramin masauki a Kazaure. Hajiyar da ke da wurin ta ce gwaji ne: zan riƙa zagayawa da baƙi su ga gari, in abin ya karɓu in zauna, in bai karɓu ba kowa ya kama gabansa. Ni kuwa lokacin gani nake ba abin da zai gagare ni. Na tsara takarda mai kyau, awa kaza a bakin dam, awa kaza a duwatsun Roni, har lokacin cin abinci na rubuta.

Baƙina na farko wani dattijo ne da 'yarsa, daga Legas. 'Yar ta ce asalinsa ɗan yankin nan ne, tun yana ƙarami aka tafi da shi, shi ne ta kawo shi ya ga gida. Na ce madalla, hankalina na kan takardata.

A bakin dam na zuba bayanin da na haddace, dattijon ya gyaɗa kai kawai. A Roni ko fitowa daga mota bai yi ba. Tsoro ya fara kama ni, don na san in suka gaya wa Hajiya ba su ji daɗi ba, tawa ta ƙare. Amma mamaki ya fi tsoron yawa. Me zai sa mutum ya yi wannan doguwar tafiya, sannan ya ƙi kallon komai?

Bayan mun idar da azahar na kasa daurewa, na durƙusa kusa da shi na ce, "Baba, wai me kake son gani?"

Ya ce akwai wata rijiya a wani ƙauye wajen Gwiwa, tsakanin tsamiya biyu, inda kakarsa ke zuwa ɗibar ruwa tana riƙe da hannunsa. Sunan ƙauyen ya ɓace masa. Abin da ya tuna kawai, kakar tana saƙar faifai.

Na ce wa direba mu nufi Gwiwa. Aka yi sa'a ranar kasuwa ce. Na shiga tambayar mutane a tsaitsaye, da sauri, kowa ya ce bai sani ba. Direban ya ja ni gefe ya ce ba haka ake yi ba, in cire takalmi in zauna in gaisa tukuna. Haka na yi a rumfar wani tsoho mai sayar da igiya. Sai da muka gama gaisuwar gida da ta gona na faɗi abin da ya kawo mu. Ya tura mu wurin wata tsohuwa mai nono, ita kuma ta tambayi sunan kakar. Da dattijon ya faɗa, ta ajiye ludayinta, ta ce tana yarinya gidan kakar ake aikenta ta sayo faifai. Ta kwatanta mana hanya.

Mota ba ta shiga, sai da muka hau babura. Muka tarar tsamiya ɗaya ta faɗi, rijiyar ta ƙafe, an rufe bakinta da itatuwa. Kunya ta kama ni, ina ganin na wahalar da tsoho a banza. Shi kuwa ya taka a hankali ya dafa bakin rijiyar, ya ce wa 'yarsa, "Nan ne. A nan take tsayar da ni, ta ce kar in leƙa."

Sai ya sunkuya ya leƙa ta tsakanin itatuwan, ya yi dariya har da hawaye.

Ban san me suka gaya wa Hajiya ba, amma ta riƙe ni, kuma har yau sana'ar nake yi. Karatuna bai tashi a banza ba, da shi nake tsara tafiya da lallashin masu motoci. Sai dai ba a aji na koyi tambayar baƙo abin da ya kawo shi ba, ko yadda ake zama gaban tsoho har ya saki baki, ko sanin garin da na tashi a cikinsa.

Ranar da na koma gida na tambayi mahaifiyata inda tata mahaifiyar ke ɗibar ruwa. Ta dube ni, ta ce duk tsawon zamana a gabanta ban taɓa tambaya ba. Ta jawo mini tabarma ta ce in zauna, labarin da tsawo.