Verna da kek ɗin da aka ƙi taɓawa

Verna Tollefson a ɗakin girkin asibitinmu ta tsufa. Ɗan ƙaramin asibitin gwamnati ne, amma in babu shi sai ka yi ta tuƙi cikin gonakin alkama har ka gaji kafin ka ga likita. Yawancinmu a can aka haife mu, kuma duk mun sha miyar Verna, wadda ke gaba da gishiri.

Wata shekara likita ya yi sakaci da ciwon ƙafar Merle Brandvold har aka yanke ta. Matarsa Opal ta kai ƙara, kotu ta ce a biya diyya, inshorar asibitin kuwa ta kasa biyan kuɗin. Nan da nan gari ya ɗauka cewa za a rufe asibiti.

Mutanenmu ba su iya faɗa da baki ba. A taron cin abincin coci na ran Lahadi suke hukunci: kowace mace ta kawo kwanon girkinta, wadda nata ya koma gida a cike ta san an yi fushi da ita. Ran Lahadin nan kek ɗin tuffa na Opal, wanda aka saba rububinsa, ba wanda ya ko kalla. Abin ya ba ni takaici matuƙa.

Sai Verna ta tashi, ta yanko ƙaton yanki, ta je ta zauna kusa da Opal.

"Verna, matar nan fa za ta raba ki da aikinki," in ji wata daga bayanta.

"Ƙafar Merle ke za ki mayar masa? Miƙo min cokali, 'yar'uwa, ki daina surutu."

Ga ta da ciwon sukari, amma sai da ta ga bayan rabin kek ɗin.

Kafin girbi gwamnatin jiha ta ba asibitin rance, irin wanda take ba ƙananan asibitoci su biya a hankali. Opal ta karɓi haƙƙinta, asibiti bai rufe ba, masu fushi suka koma cin kek kamar ba su ba.

Verna ta yi ritaya cikin rufin asiri, tana noman tumatir a bayan gida. Bara ta karye a ƙugu, aka kwantar da ita a asibitin nan nata. Wadda ta fara shigowa dubiya Opal ce, da kek marar sukari a hannu.

"Wannan ai ba daɗi," in ji Verna. Ta cinye shi tas.