Ƙwas a Ƙofar Gidan Baba

Shekara tara na yi da wata tsohuwar mota wadda ba ta tashi da safe sai an lallashe ta. Bakanike ya ce sanyin Jos ne ke kashe mata batir, ni kuwa na fi zargin taurin kai. Gidanmu a Daɗin Kowa yana saman gangara, saboda haka nakan ajiye ta tana kallon ƙasa. Da safe in saki birki ta gangara, in saki kuloci, ta yi tari ta kama. In ta kama kuwa ba a tsayawa, don tana tsayawa za ta mutu.

Gida huɗu ƙasa da namu akwai wani dattijo ɗan asalin Filato, tsohon direban gwamnati. Kowa Baba yake ce masa. Kullum unguwar Tina yake zuwa taya 'yarsa sayar da dankali da kabeji, makarantar da nake koyarwa kuma tana gaba kaɗan. Yakan tsaya a ƙofar gidansa da jakarsa, in rage gudu, ya kama ƙofar baya ya faɗo ciki mota na tafiya, don ta gaba ba ta buɗuwa ta waje. Ba mu taɓa yin magana a kan wannan tsari ba. Bai taɓa ce mini na gode ba, ni ma ban taɓa jira ba. Aikinsa shi ne kushe tuƙina har mu isa.

Sai Allah ya hore mini sabuwa. Ranar da na kawo ta Baba ya zagaye ta sau biyu, ya dafa ta ya ce, "Malam, motan nan ya yi. Allah ya tsare hanya."

Ranar Litinin na tayar da ita da murɗa makulli ɗaya, na gangaro ina jin kaina. Ina isa daidai ƙofar gidan Baba sai na ji ƙwas! Ƙara ɗaya, kamar an karya busasshen kara a ƙarƙashin kujera. Na rage gudu, na sunkuyar da kai ina kasa kunne. Sai na ji wata kuma daga baya, ƙat, ƙat. Na ce shi ke nan, an sayar mini da gawa. Na taka totur don in ji ko za ta sake.

Da na ɗaga ido na ga Baba a madubi, tsaye a tsakiyar hanya da jakarsa, hannunsa ɗaya a miƙe.

Na gan shi sarai, ba zan yi wa kaina ƙarya ba. Na ce a raina, tun da bai shigo ba wataƙila yau ba shi da niyyar fita. Gaskiyar ita ce ba na son surutunsa a lokacin, kunnena na wajen mota. Na wuce.

Washegari ba ya ƙofar gida. Rana ta uku ma haka. Ƙarar kuwa ba ta fasa ba, kullum a wuri ɗaya, sau ɗaya, daga nan shiru har makaranta. Mako uku na yi ina farautarta. Na fitar da jak da safaya taya. Na zargi kulolin abincin matata, har ta ce in motar ce ta aure ni to ta dafa mini tuwo. Na daina kunna rediyo, na riƙa rufe gilas ruf, don kada hayaniyar titi ta ɓoye mini ita. Haka na wuce Baba sau biyu a bakin babban titi yana jiran keke mai ƙafa uku cikin sanyi. Na ɗaga masa hannu ta cikin gilas. Kunyar ranar farko ta hana ni tsayawa, kunyar rashin tsayawar kuma ta hau kanta.

Daga ƙarshe na kai ta wajen bakanikena a Anguwan Rogo. Ya shiga ya zauna a gefena, muka ja. Ba mu yi nisa ba sai ƙwas.

"Ka ji ta! Ita ce!" na ce.

Ya dube ni, ya kwashe da dariya har da dukan cinya. "Haba Malam, wannan ce ta hana ka barci? Kulle kanta take yi. Da zarar ta ɗan ɗauki gudu sai ƙofofin duka su kulle. Ja hannun ƙofar ka gani."

Yana ta dariya, ni kuwa hankalina ya koma ƙofar gidan Baba. Gida huɗu a kan gangara, daidai gudun da take bukata ke nan. Ƙat, ƙat ɗin da na ji a baya kuwa ba sai an faɗa mini ba. Hannun Baba ne yana jan ƙofa. Mutumin da ya shekara tara yana faɗowa cikin akwalata, ranar farko ta sabuwa ya ji an danna masa sakata a fuska, a gaban maƙwabta.

Ranar Asabar da la'asar na same shi a kan benci yana gyaran tocila. Na gaishe shi, na shiga zuba bayani, har da ɗan murna, don a ganina na samo wanda zan ɗora wa laifi. Na ce wallahi Baba ba ni na kulle ba, motar ce, ashe haka ake yin su yanzu.

Ya bar ni na gama tsaf.

"Malam, shekara talatin ina tuƙi. Na sani mota ne ya kulle. Tun ranan na sani." Ya mayar da murfin tocilar. "Birki fa? Shi ma mota ne ya hana ka takawa?"

Na ba shi haƙuri, ya ce ba komai, ya wuce, har ya sa aka kawo mini ruwa.

Yanzu kullum nakan tsaya cak a ƙofar gidansa, in buɗe ƙofar gaba da hannuna. Wani lokaci yakan shigo. Amma ba ya taɓa hannun ƙofa sai na buɗe, ba ya kushe tuƙina ko da na faɗa rami da gangan. In mun isa Tina ya sauka a hankali, ya gyara jakarsa, ya sunkuyo ta taga ya ce, "Na gode, oga."