Ajin da Ke Ƙarshen Baranda

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Laraba, tara ga watan nan, da hantsi, Allah Ya karɓi ran malamar ajin kurame ta makarantarmu, wadda babba da yaro muke kira Yaya, bayan ta sha jinyar ciwon ƙoda. Ina tsakiyar darasi a ajinta mijinta ya kira ni a waya. Na juya na dubi yaran, hannuwana suka yi mini nauyi.

Yaya, ke kika koya mini maganar hannu. Sa'ad da aka turo ni makarantar nan aka ce in taimaka miki, kuka na yi, don a ganina an jefar da ni ne. Kika yi dariya kika ce, "Share hawayenki, ƙanwata, nan kaɗai ne ajin da ba za a cika miki kunne da surutu ba." Ashe zolaya ce, ban taɓa ganin masu surutu irin yaranki ba. Yaron da ya zo yana cizo da jifa saboda ba mai fahimtarsa a gida, kafin shekara ta zagayo sai ki ga yana ba uwarsa labari da yatsu. Iyayen ma ba ki ƙyale su ba, duk Asabar kina zaunar da su a kan bencin 'ya'yansu suna koyo.

Ke kika haɗa kan ƙungiyoyin nan uku da a da ko gaisuwa ba ta haɗa su: ta malaman firamare, ta malamai mata, da 'yar ƙaramar tamu ta masu koyar da yara masu nakasa. Ƙa'ida ɗaya kika kafa mana: ba ƙungiyar da za ta shiga ofishin daraktan ilimi ita kaɗai, kuma ba wadda za ta karɓi biyan buƙatarta a bar ta 'yar'uwarta. Da haka muka sa aka daina korar yara saboda rashin kayan makaranta. Da haka muka hana a cilla shugaban malaman firamare, wanda muke tsokana da Mai Lasifika, wata makaranta mai nisa don a rufe masa baki. A ranar kin tsaya a rana a ƙofar ofis har ƙafafunki suka kumbura. Da Mai Lasifika ya fito sai ya ce, "Yaya, har in mutu ba zan manta ba."

Da ma ajinki ya daɗe yana tsone wa hukuma ido. Cewa ake yi yaran ba su da yawa, ɗakin kuma babba ne. Kina kwanciya asibiti, Mai Lasifika da shugabar malamai mata suka shiga ofis su biyu, ba wanda ya kira mu. Suka fito da ƙarin girma ga mutanensu da sabon ɗakin malamai mai fanka. Ɗakin kuwa ajinki ne. Yaran za a rarraba su cikin sauran azuzuwa, inda ba malami ko ɗaya da ya iya ce musu sannu.

Daga can suka zo duba ki da ledar lemo. Ina zaune a gefen gado Mai Lasifika ya ce, "Ki kwantar da hankalinki, mun ga darakta, komai ya daidaita." Bayan sun fita kika dube ni kika ce, "Da ke aka shiga?" Na ce a'a. Sai kika juya fuskarki bango.

Ba zan ɓoye ba, raina a ɓace yake. Da hukuma ce ta yi, da na ce halinta ne. Amma waɗanda suka sha shayi a falonki, suka tsira da aikinsu saboda tsayuwarki, su ne suka sayar da ɗakin. A zaman makoki Mai Lasifika ya fi kowa yabonki, har da goge ido. Na tashi na koma wajen yaran, gara su da ba su ji shi ba.

Ina miƙa ta'aziyya ga maigidanki da ya yi haƙurin yadda makaranta ta cinye lokacinki, ga 'ya'yanki, ga mahaifiyarki da ta ga wannan rana, da iyayen da suka fara hira da 'ya'yansu ta dalilinki. Allah Ya ba ku haƙuri. Allah Ya ji ƙanki, Yaya, Ya haskaka kabarinki, Ya sa ciwon nan ya zama kankarar zunubi, Ya sa Aljanna ce makomarki.

Ranar Litinin yaranki suka tarar an canza kwaɗon ƙofa. Na ce su tafi inda aka tura su, suka ƙi. Suka zauna a ƙasa a bakin ƙofar, suka ciro littattafansu, ni ma na zauna. A nan muke karatu yanzu. Duk malamin da zai shiga ya sha fanka, sai ya tsallake ƙafafunsu.