Kunyar Ɗan Fari da Akwatin Saƙo

A daminar da ɗan yayata ya karye a kudu aka kawo akwatin nan aka ajiye a zaurena.

Yayata ita ce babba a ɗakinmu. Da mijinta ya rasu, Allah ya jiƙansa, sai ta dawo gida, muka gyara mata ɗakin da ke kusa da rumbuna. Ɗanta na fari direban babbar mota ne, yana ɗaukar gero da wake daga Dawanau zuwa kudu. Tun da ta haife shi ban taɓa jin sunansa a bakinta ba. In ya zo gida ya durƙusa a ƙofar ɗakinta, tana kallon tukunya take amsa gaisuwar. In ya zama dole ta ambace shi, sai ta ce "wancan". Haka muka taso muka ga ana yi da ɗan fari, ni ma da nawa ba ma doguwar magana.

Motarsa ta faɗi, ƙafarsa ta karye, aka kwantar da shi a wani asibiti can. Kowa a dangi ya yi ta kira yana jajantawa. Ita ba ta tambayi kowa komai ba. Amma tuwo ya riƙa dawowa daga ɗakinta yadda aka kai shi, kuma duk inda wani ya dawo daga kiran waya yana ba da labari, sai ka gan ta ta jawo kwaryar gyaɗarta kusa tana ɓarewa. Kiran waya a garinmu ba abin sirri ba ne. Sabis ba ya shigowa gida, sai an hau tudun da ke bayan tsamiya, kuma gonakinmu a manne suke da juna. Mai maimai a gonar maƙwabci zai ji duk abin da ka faɗa, har ya miƙe ya ce a gaida masa mai jiki.

'Yata ta uku tana koyar da kwamfuta a wata sakandare wajen Bici, can take aure. Tun kafin wannan hatsarin take cewa mu bar manhajar hirar da kowa ke amfani da ita, domin wani baƙo ya taɓa ƙwace layin ɗan'uwanmu ya zauna cikin hirar dangi yana karantawa, ba wanda ya sani. Da aka yi hutu sai ta zo da wata 'yar kwamfuta wadda ba ta fi girman gafaka ba, ba ta da allon kallo, sai fitila ɗaya koriya. Ta ce sunanta saba. Mu dai akwati muka ce mata, sunan kuma ya bi ta.

"Baba, saƙon da ka aika wa maƙwabcinka, ka san sai ya je wata ƙasa ya dawo?"

"Yana neman me a can?"

"Can ma'ajiyarsu take. Wannan kuwa tamu ce. Nan zai tsaya, a gabanka."

Zaurena ta zaɓa saboda a kansa faifan sola yake, batir kuma yana ƙarƙashin kantar littattafaina. Aka kafa dogon gora aka ɗaura eriya a kai, ta jawo sabis daga can sama ta sauko da shi. Ni kuwa na bar gona a hannun masu aiki, na shimfiɗa buzuna kusa da ita, domin ban taɓa ganin yadda ake koya wa ƙarfe aiki ba.

Abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne wani dogon rubutu da ta buɗe a tata kwamfutar. Ta ce nan ne akwatin ke karanta dokokinsa duk lokacin da aka tashe shi. Wasu layukan akwai 'yar alama a farkonsu. Na tambaya, ta ce duk layin da ke da alamar, akwatin tsallake shi yake yi, an rubuta shi ne don mutum. Na ce ashe kamar sharhin da malamai ke yi a gefen littafi ne, mai karatu ya gani amma ba ya cikin matani. Ta ce haka ne, sai dai a nan in ka goge alamar, sharhin ya zama doka. Na daɗe ina juya wannan a raina. Da haka littattafanmu suke, da ɗalibai sun sha wahala da ni, don gefen nawa duk a cike yake.

Ta sa wa akwatin suna, kamar adireshin gida, yadda wayoyi za su neme shi. Ta rufe ƙofar rajista, don kada kowa ya shigo sai wanda ta buɗe wa da hannunta. Ta samo wata shaida da ke tabbatar wa waya cewa gidanmu ta shigo ba gidan ɓarawo ba. Ta tambaye ni tsawon wane lokaci za a riƙa ajiye saƙo kafin a share, na ce daga shuka zuwa girbi ya isa, ta yi dariya ta rubuta wani adadi. Wayoyin cikin gida duk suka haɗu da akwatin, amma na nesa suka kasa shigowa. Wannan ya cinye mata yini guda tana tsaki. Wai kamfanin waya ba ya ba gida adireshi tsayayye, kullum sauyawa yake yi, don haka sai da ta samo wata ƙofa a waje wadda ba ta motsi, ta haɗa ta da akwatin. Ana kiran la'asar wayarta ta yi ƙara. Gaisuwar wata ƙanwarmu ce daga Minjibir, ita ce ta fara shigowa.

Sai ta buɗe ɗaki guda na hira ta zuba dangi duka a ciki, ta ce masa zaure. Ta sa wa yayata manhajar a wata waya, ta nuna mata inda za ta danna ta yi magana ta saki, tunda ba ta karanta boko. Mai jinya ma aka buɗe masa. Ya turo hoton ƙafarsa a naɗe, da muryarsa yana gaida kowa, ya fara da mahaifiyarsa kamar yadda ya kamata. Dangi suka yi ta amsawa, har da waɗanda ba a ji ɗuriyarsu ba tun bara. Daga wayar yayata ko tari bai fita ba.

'Yata ta ce lalle wayar ce. Ta cire manhajar ta sake sawa. Ni ma na yarda da ita, har na ɗauki wayar na zagaya gida da ita ina ɗagawa sama, wai ko bangon ɗakin ne ya yi kauri. Da na gwada da kaina, muryata ta fita sarai, dangi suka yi ta tambaya me ya sami muryar Gwaggo. Na mayar mata da ita na ce lafiyarta ƙalau. Ta karɓa ta tura ƙarƙashin tabarma.

Bayan kwana biyu ina gyaran igiyar akuya, sai ga ta ta tsaya a kaina.

"Malam, wannan akwatin naka, yana ji?"

"Ji kamar yaya, Yaya?"

"In mutum ya yi magana da mutum ɗaya, ba a wancan taron naku ba. Mai akwatin yana ji?"

Sai a lokacin na gane, kuma na ji nauyin yawon da na yi da waya a sama. Mun tara surukai da ƙanne da jikoki a ɗaki ɗaya, muna jiran uwa ta yi wa ɗanta na fari magana a gabansu. Na ce mata ban sani ba, amma zan tambaya.

'Yata ba ta ɓoye ba. Ta ce ana iya magana mutum da mutum, amma yadda ta saita shi yanzu, duk mai riƙe da kalmar sirrin akwatin zai iya buɗe ma'ajiya ya ji. Masu riƙe da ita kuwa mu biyu ne, ni da ita. Ta ce akwai makulli da ake sawa tsakanin waya da waya, wanda akwatin kansa ba ya iya buɗewa, shi dai ya ɗauka ya miƙa. Ba ta tilasta shi ba ne don kada tsofaffi su rikice. Na tambaye ta ina makullin yake zama, ta ce a cikin wayoyin biyu kaɗai, in waya ta faɗa rijiya, abin da ke ciki ya tafi. Na ce wannan ba zai dami Yaya ba.

Muka kira ta zaure. Ta zauna a bakin ƙofa, ta ƙi shigowa ciki.

"Gwaggo, yi wa Inna magana ta wayar, ko me kika ga dama," in ji 'yata. Inna ita ce mai ɗakina.

Yaya ta danna ta ce a rage gishiri a miya. 'Yata ta taɓa kwamfutarta, sai ga muryar ta fito daga ma'ajiya, tana cewa a rage gishiri a miya. Yaya ta dafe ƙirji.

"La'ilaha illallahu! Ashe tsegumi kuka kawo gida kuka ɗaura masa sola!"

"Tsaya, Gwaggo, yanzu zan rufe masa kunne."

Ta koma dogon rubutun nan ta gyara layuka, ta taɓa wani abu a wayoyin biyu, ta kashe akwatin ta tashe shi. Yaya ta sake magana. 'Yata ta buɗe ma'ajiya ta juyo mana da allon. Na leƙa, na ga haruffa da lambobi a cakuɗe, ba kai ba gindi. Na ce Alhamdu lillahi, ga shi nan a kulle.

Yaya ta leƙa ita ma, ta daɗe tana kallo.

"Ni da wannan da na ɗazu duk ɗaya nake gani. Ta yaya zan san ba ku biyun kuka haɗa baki ba? Ke 'yarsa ce, shi kuma tun yana yaro ba a rufe tukunya a gabansa."

Na ce zan rantse. Ta ce ba ta son rantsuwa a kan abin da bai kai ba, tana da tata hanyar. Ta ɗauki wayar ta shige ɗakinta. Can sai muka ji mai ɗakina ta fashe da dariya a madafa, irin wadda sai an dafa bango.

Daga ranar na shiga wani hali. In na shigo cikin gida, mai ɗakina ta dube ni ta kau da kai kafaɗunta na rawa. Yaya kuwa ta sa mini ido. In ina alwala tana kallona, in ina cin abinci tana kallona. Na gane abin da ta yi: ta faɗa wa mai ɗakina wata magana a kaina ta wayar, wadda ta tabbata in na ji ta, fuskata ba za ta iya ɓoyewa ba. Na lallaɓa mai ɗakina, ta ce amana ce. Na je wa 'yata da siyasa, na ce ba don komai ba, don ilmi kawai, shin babu wata hanya? Ta ce, "Baba, ko ni da na saita shi ba ni da ita. Kuma kai ne ka ce a rufe." Na zauna gaban akwatin ina kallon koriyar fitilar tana ƙiftawa. Maganar tana ciki, taku ɗaya daga buzuna, kuma a kaina aka yi ta. Na yi istigfari na tashi. Har yau ban san me ta ce ba.

Da ta ga kwanaki sun wuce ina ta harkokina da fuskar wanda bai san komai ba, sai wata safiya bayan an yi ruwa ta yafa mayafi ta nufi gonar bayan gida. Gero ya riga ya fi mutum tsawo. 'Yata ta ce sabis ɗin eriyar yana kaiwa har can gefen farko. Muka ga ganye ya rufe ta.

Na koma zaure na ɗauki littafi, amma ban juya shafi ba. 'Yata tana haɗa kayanta, hutu ya ƙare. Na ce ta duba mini ko akwatin yana lafiya. Ta dube ni ta gefen ido, ta buɗe. Ta ce abin da za ta iya gani kawai shi ne saƙo ya fita daga wayar Gwaggo zuwa kudu, kuma an karɓa.

"Babba ne ko ƙarami?"

"Baba."

"Ai ban ce ki buɗe ba."

"Babba ne. Ga wani ma ya dawo." Ta rufe kwamfutar ta sa a jaka.

Rana ta ɗaga sosai kafin Yaya ta fito, gefen zanenta duk raɓa da laka. Ba ta dubi kowa ba. Ta wuce ta leƙa akurkin kaji, ta yi faɗa a kan an bar kwano a tsakar gida, ta shiga ɗaki. Da azahar aka kai mata tuwo, kwanon ya dawo babu komai.

Da yamma ta same ni a zaure. Wannan karon ta shigo har ciki, ta ajiye wani ƙulli a gabana, ƙanshin daddawa na tashi daga ciki.

"Ka nemo direban da zai yi kudu daga Dawanau. Kuka ce da daddawa da ɗan yaji. Wai abincinsu ba ya shiga."

"Wa ya ce?"

Ta yi kamar ba ta ji ba. Ta gyara bakin ƙullin, ta ƙara ɗaure shi.

"An ce sati mai zuwa za a fara tsayar da shi da sanda. Ka gaya wa mai kaiwa kada ya sa shi kusa da man mota."

A zauren dangi ba wanda ya san zancen sandar tukuna. Na ce to, Yaya, gobe in Allah ya kai mu zan shiga Dawanau da kaina.