Gurmin Ɗan Ladan

Maccido ɗan Malam Abdu Ladan ne, na unguwar Jega Magaji. Gidansu gidan kiran salla ne tun daga kakansa, kuma a irin wannan gida ba a kiɗa, ba a waƙa, ko gaɗa 'yan mata ba sa yi a ƙofarsa. Wansa Murtala ya bi layin gida, ya zauna a zaure yana karantar da yara. Shi kuwa Maccido tun yana saurayi ƙafarsa ba ta zama wuri ɗaya. Yana sauke Alƙur'ani ya shiga harkar albasa. Yakan je Aliero da Kashin Zama ya tara wa 'yan kasuwa kaya daga hannun manoma, a loda a babbar mota, ya hau saman buhuna ya raka su kudu, Ilori ko Badun, wani lokaci har Anacha. A gida yakan ce neman abinci ne ke fitar da shi. Gaskiyar ita ce hanyar ya fi so a kan cinikin.

A Yawuri ya fara taɓa gurmi. Motarsu ce ta lalace, suka yi kwanaki suna jiran a kawo kayan gyara daga Kontagora. Akwai wani tsoho a gefen tasha da ke kaɗa gurmi ba don kowa ba, Maccido ya zauna kusa da shi har tsohon ya gaji da kallon da yake yi wa yatsunsa, ya miƙa masa. Kafin a gama gyaran mota ya iya fitar da sauti mai ma'ana. Da suka sake biyowa ya sayi nasa.

Shiga da shi Jega kuwa ba zai yiwu ba. A garinmu mai gurmi maroƙi ne, ko ya roƙa ko bai roƙa ba, kuma ɗan ladan ba ya zama maroƙi. Saboda haka ya samo masa wurin ajiya a Maiyama, wajen Tabawa mai tuwo a tasha, wata dattijiya marar yawan tambaya. Ta sa shi cikin buhu ta rataye a rumfarta tare da busasshiyar kuɓewa. In za su kudu ya tsaya ya karɓa, in sun dawo ya mayar. Daga Maiyama zuwa Jega ba ya ko motsa baki. Direbobi sukan ce a wannan ɗan tsakanin yake gyara fuska, ya koma ɗan malam.

Bai taɓa wasa wani mai kuɗi ko mai sarauta ba. Abin da idonsa ya gani shi yake rerawa. Ya yi wa wani jakin Kashin Zama waƙa, wanda in an ɗora masa kaya ya wuce kima sai ya durƙusa ya ƙi tashi har a rage. Ya yi waƙar warin albasar da ta ruɓe musu a Jabba, wadda ta sa fasinjojin wasu motoci suka riƙa zaginsu. Shekarar da aka ba mu jihar Kabi, ma'aikata suka riƙa wucewa ta Jega daga Sakkwato zuwa Birnin Kabi, katifu da kujeru da tukwane ɗaure a saman motoci, matansu na leƙe ta taga. Ita ma wannan ya yi mata waƙa, kuma ita direbobi suka fi nema.

Cikin waɗanda canjin ya kawo akwai Malam Reuben, malamin firamare da aka turo Maiyama. Ba shi da iyali a garin, kullum a rumfar Tabawa yake cin abinci. Shi ma mai son kiɗa ne, yana kaɗa jita a cocinsu. Wata rana da yamma ya tarar da Maccido a bayan rumfar yana gwada sabuwar waƙa, ya tsaya har tuwonsa ya huce. Daga nan suka saba. Bayan wani lokaci ya zo da rakodarsa ya roƙi ya ɗauki muryar.

Maccido ya ce, "A'a, Malam. Abin ga na hanya na, a hanya shika tsayawa."

Reuben ya ce, "Ni kaɗai zan riƙa ji a ɗakina. Garin nan shiru gare shi in dare ya yi."

Ya yi ta lallashi har Maccido ya yarda. Da ya ji muryarsa tana fitowa daga rakodar, daɗi ya kama shi, ya ƙara wata, ya ƙara wata, har kaset ya kusa cika. A ƙarshe ya rera wata da bai taɓa yi a gaban kowa ba:

Tsoho ya aje sanda ya miƙe,
tari biyu, sannan sunan Allah.
Murya ta tsage kamar tsohon tulu,
amma gari ba shi tashi sai da ita.

Bai ambaci suna ba, don haka ya ɗauka ya rufa wa kansa asiri.

Reuben bai yi niyyar karya alkawari ba. Wani abokin aikinsa ne ya ari kaset ɗin, ya kai wa mai sayar da kasa-kasai ya kwafa masa, mai kaset kuwa ya kwafa wa kansa. Maccido yana can kudu duk wannan ya faru.

Ranar da ya dawo ranar kasuwar Jega ce. Ya sauka daga mota ya ratsa ta layin masu rediyo zai tafi gida, sai ya ji gurminsa. Ya tsaya. Muryarsa ce ke fitowa daga wata babbar lasifika, mutane sun yi cincirindo suna dariyar waƙar jaki. Ya ji kamar an tuɓe masa riga a tsakiyar kasuwa. Wani maƙwabcinsu mai sayar da igiya ya hango shi.

"Maccido, sannu da hanya. Zo ka ji wanga mutum. Wallahi muryatai kamar taka."

Maccido ya ce, "Muryoyi suna kama." Ya wuce bai waiwaya ba.

Abin bai tsaya a murya ba. Duk Jega Magaji babu wanda bai san ladanin da ke yin tari biyu kafin kabbara ba. Manya sun ji waƙar sun yi shiru, wasu ma ta taɓa su. Yara kuwa tarin kawai suka ɗauka. In Malam Abdu ya fito da sandarsa zai tafi masallaci, sai ka ji daga bayan katanga an yi tari biyu, a fashe da dariya, a watse.

Murtala ya tare shi a zaure tun kafin ya ajiye jaka. Ya sallami almajiransa, ya jira suka fita.

"Kai na ko ba kai ba na?"

"Mi, Yaya?"

"Kada ka maishe ni yaro. Kakanmu ya kira salla, ubanmu ya kira salla, mutane na tashi tsaye in sun shigo wuri. Yanzu ɗiyan unguwa na yi mai tari. Ina tambayarka, kai na?"

Maccido ya dubi tabarma ya ce, "Ban san mai waƙar ba."

Murtala ya daɗe yana kallonsa. Bai ce ya rantse ba, kuma Maccido ya gane cewa tausayinsa ya ji, don ya san in ya ce ya rantse, wataƙila zai rantse ɗin. Wannan ya fi zagi yi masa zafi.

A cikin gida matarsa Murjanatu ta kawo masa ruwa da fura, ta zauna nesa kaɗan. A kaset ɗin akwai waƙar wata mata mai yi wa kajinta faɗa kamar 'ya'yan da ta haifa.

Ta ce, "Malam, an ce mai waƙar ga har kajina ya sani."

Ya shanye furar. Ita kuwa ta ɗauki kwanon ta fita tana danne murmushi.

Washegari ya hau mota zuwa Maiyama da fushinsa. Ya sami Reuben a makaranta lokacin hutun tara, ya faɗa masa duk abin da ya zo bakinsa. Reuben ya saurara kansa a ƙasa, ya ba da haƙuri ba sau ɗaya ba. Amma ya kasa gane girman abin.

Ya ce, "A wajenmu in ɗa ya yi wa ubansa waƙa irin wannan, uban zai tara mutane su ji. Bari in bi ka Jega in durƙusa gaban Baba, in ce laifina ne."

Maccido ya ce, "In ka zo, ka tona ni ke nan. Na riga na ce ba ni ba na."

Ya wuce rumfar Tabawa ya sa ta sauko da buhun. Ya ce ta ba Reuben gurmin, ko ta sa a murhu, duk wanda ta ga dama. Tabawa ta ce ita ba ta girki da kayan mutane, ta aika wa Reuben da shi. Maccido bai sake riƙe gurmi ba.

Duk wannan lokacin Malam Abdu bai ce komai ba. Idanunsa sun yi rauni, amma kunnensa garau yake, kuma Maccido ya san ba yadda za a yi a ce bai ji ba. Ya riƙa kauce wa tsohon, ya gaishe shi daga bakin ƙofa ya wuce. Sai wata rana da la'asar ta gabato, tsohon ya kira shi.

"Maccido, zo ka kama ni mu tai masallaci. Ƙafar ga ta ƙi yau."

Ya kama hannunsa suka fito. Ba su yi nisa ba aka yi tarin daga wani lungu. Maccido ya zabura zai bi yaran, tsohon ya riƙe shi.

"Bar su. Ɗiya na."

Suka ci gaba a hankali. Can tsohon ya ce, "Kai da kaka yawo ƙasa-ƙasa, wataƙila wata rana ka gamu da mai waƙar ga."

Maccido ya ce, "Wataƙila, Baba."

"In ka gamu da shi, ka ce mai tarin ba na tsufa ba na. Gyaran murya na. Ubana ma haka shika yi, wurinai ni ɗauka." Ya gyara riƙon sandarsa. "Kuma ka ce mai inda yac ce gari ba shi tashi sai da ni, ya ƙara gishiri. Zakara na riga ni kullum."

"To, Baba."

Sun iso ƙofar masallaci, amma tsohon bai saki hannunsa ba. Ya tsaya, fuskarsa na wajen ɗansa, kamar mai jiran sauran magana. Babu kowa kusa. Kalma ɗaya ta isa. Maccido ya buɗe baki zai faɗe ta, sai ya ji kansa yana cewa, "In na gan shi, zan faɗa mai."

Tsohon ya gyaɗa kai, ya saki hannun, ya jingina sandarsa da bango ya shiga.

Malam Abdu ya rasu bayan damina ta gaba. Maccido yana Badun da kaya, saƙo bai same shi ba sai da aka yi addu'ar uku. Tsakaninsu ba a sake tayar da maganar waƙa ba.

Bayan sadakar arba'in liman ya tara dattawan unguwa a zauren gidan kan wanda zai karɓi ladanci. Murtala mai ilimi ne, amma muryarsa ba ta wuce zaure. Liman ya juya wajen Maccido ya ce, "Duk unguwar ga mun san wanda yag gaji muryar. Mun ji ta."

Ba wanda ya yi dariya. Murtala ya sunkuyar da kai. A nan Maccido ya tabbatar cewa ƙaryar da ya yi ta riƙo ba ta taɓa rufe idon kowa ba, kara kawai mutane suka yi masa, shi kuma ya yi ta yawo a cikinsu yana zaton ya ɓoye.

Bai iya musa wa liman a gaban jama'a ba. Ranar ya kira sallar la'asar. Muryar ta fita tas, ta kai har bakin kasuwa. Mata suka tsayar da daka, masu shaguna suka leƙo. Da ya gama ya juyo, ya ga fuskokin mutane, sai ya ga irin fuskokin da ya gani a gaban lasifikar mai kaset. Wataƙila ba haka ba ne a zukatansu, amma shi haka ya gani. Bayan salla ya bi liman gida ya roƙi a yafe masa. Ya ce shi matafiyi ne, masallaci kuwa yana son wanda ke gari kullum. Liman bai matsa ba. Aka ba wani ɗan ƙanen marigayin.

Maccido ya koma kan buhunan albasa, ya yi ta tafiya har bayansa ya fara ciwo. Direbobin da suka yi zamani da shi sun ce bai daina waƙa ba. In mota ta yi nisa da gida yakan riƙa buga yatsu a jikin bodin motar yana rerawa ƙasa-ƙasa, in an ce ya ɗaga murya ya ce ba waƙa yake ba.

Murjanatu ce kaɗai ke samun rabo a Jega. Ta ce in ya dawo ya ci abinci ya huta, takan tambaye shi me ya gani a hanya. Wani lokaci ya ba ta labari kawai. Wani lokaci kuma ya leƙa tsakar gida, ya saki labule, ya rera mata baiti ɗaya ko biyu. Ta fi tuna wata da ya yi wa wata saniya da aka tsallakar da ita kogi a kwalekwale, ta zauna a tsakiya ana tuƙa ta kamar uwar gida. Yana cikin rerawa suka ji takun Murtala zai wuce sashensa. Ya katse, ya ɗaga murya ya tambaye ta ko an ba awaki ruwa. Ta ce an ba su. Ƙarshen waƙar saniyar ba ta taɓa jin sa ba.